Muhawara: Me Ke Kawo Namun Daji Gaban Kyamara Har Su Zama Abin Barkwancin Duniya?

Nafisa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu sana'ar hoto da masana dabbobi. Irin bidiyon nan da ake cikin ɗaukar wani abu sai tsuntsu ko biri ko kurege ya faɗo ya tare gaba, kafin kwana biyu an mai da shi sitika da hoton barkwanci. Dabbar ce ke son kyamara, ko dace ne, ko shiri ne? Kuma me ya sa sau da yawa dabbar ke fitowa tar, mutanen da ke baya su yi dishi-dishi?

Malam Habu Mai Hoto: Wa alaikumus salam, Malama Nafisa. Bari in fara da tambayarki ta biyu, don amsarta a cikin kyamara take, ba a jikin dabba ba.

Hoton da ya fi shahara a wannan fanni shi ne na kuregen Banff. A 2009 wasu ma'aurata suka je tafkin Minnewanka da ke gandun dajin Banff a Kanada, suka ɗora kyamara a kan dutse, suka ja baya su ɗauki kansu. Ƙarar da kyamara ke yi wajen neman fokas ta jawo wani kurege, ya zo ya miƙe a gabanta. Kyamarar da aka bar wa zaɓin fokas yawanci abin da ya fi kusa da ita, mai gefuna bayyanannu, shi take kamawa. Ta saki ma'auratan ta kama kurege. Sannan duk sa'ad da aka yi fokas a kan abin da ke kusa sosai, filin da ke fitowa tar yana tsukewa, ya koma 'yan santimita kaɗan. Shi ya sa kurege ya fito har gashin bakinsa, masu hoton kuma suka yi hazo. Suka aika wa mujallar National Geographic, daga nan ya bazu.

Girman da dabbar ke yi kuma lissafi ne kawai. Abin da ke santimita 30 daga idon kyamara ya ninka wanda ke mita 3 girma sau goma a cikin hoto, ko da girmansu ɗaya a zahiri. Kamar yadda babban yatsanka zai rufe maka dutsen Dala in ka kawo shi daf da ido.

Injiniya Salisu: Malam Habu ya yi bayanin kyamarar hannu. Amma mafi yawan bidiyon da ke yawo daga kyamarorin da aka kafe aka tafi suke fitowa: na sa ido a kan manyan hanyoyi, na hasashen yanayi, na ƙofar gida. Dalili uku ne. Suna aiki awa 24, to ko abu sau ɗaya yake faruwa a shekara, za su kama shi. Ba mutum a wurin da zai firgita dabba. Na uku, kuma shi ne babba, a kan doguwar sanda ko saman gini ake ɗora su, wurin da tsuntsu ke so ya sauka ya hango abinci. Ba kyamara tsuntsun ya zo gani ba, wurin zamansa muka je muka kafa ta.

Ku duba farar mujiyar da kyamarar hanya ta kama a babbar hanya mai lamba 40 a birnin Montreal na Kanada, a watan Janairun 2016. Ta buɗe fukafukai tana nufo kyamarar, ga dukkan alamu sandar take so ta sauka a kai. Irin wannan mujiya a filin ƙanƙara marar itatuwa take rayuwa, don haka in ta gangaro kudu da hunturu, fili da sandar fitila take nema. Abin da ya sa wannan hoton ya yi kyau fiye da sauran shi ne an kama ta da ɗan nisa. Kyamarar hanya an saita fokas ɗinta ne a kan kwalta can ƙasa. Tsuntsun da ya manna baki a gilashi ba ya fitowa tar, sai dai ka ga ƙaton kai mai hazo ya rufe motoci.

Nafisa: To na zaɓen Fafaroma fa? Wannan ai duniya duka ta gani.

Injiniya Salisu: Shi ma hanya ɗaya ce. An kafe kyamara a kan bututun hayaƙin cocin Sistine a Batikan, ana haska shi kai tsaye na awoyi, miliyoyin mutane na jiran hayaƙi fari (an zaɓi Fafaroma) ko baƙi (ba a zaɓa ba tukuna), ba abin da ke motsi a allon. Duk abin da ya gifta zai zama labari. A Maris 2013 wani tsuntsun teku ya sauka a kan bututun. A ranar 8 ga Mayu 2025 kuma aka ga irinsu har da ɗan tsakonsu a rufin, jim kaɗan kafin farin hayaƙin Fafaroma Leo na 14. Waɗannan tsuntsaye sun daɗe da mai da rufin gidajen birnin Rum wurin sheƙa, kuma watan Mayu lokacin rainon 'ya'yansu ne.

Akwai wanda ya fi wannan nuna aikin na'ura. A Satumbar 2013 hukumar NASA ta harba kumbon LADEE zuwa wata daga tsibirin Wallops a jihar Virginia. Ba a barin mutum kusa da wurin harbi, sai a jera kyamarori masu tashi da jin ƙara. A firam ɗaya tak, wato hoto ɗaya cikin jerin da aka ɗauka, aka ga kwaɗo a sama, ƙafafu a baje, a gaban hayaƙin roka. NASA ta tabbatar hoton na gaske ne. Akwai tafkin ruwa a gefen dandamalin harbin, wanda ake amfani da shi wajen kare dandamalin daga zafi da ƙara, shi ne ya tara kwaɗi.

Dakta Hauwa: Na yarda da ku a kan tsuntsaye da kwaɗo, amma kada a ce dabba ba ta da hannu kwata-kwata. Masu shayarwa suna binciken sabon abu, kuma da hanci suke yi. Wanda ya kafa kyamara ya bar warin hannunsa, da gishirin gumi, wani lokaci da warin abincin da ya ci. Roba da batir su ma suna da wari. A Boulder ta jihar Colorado, kyamarar tarko (wadda ake kafewa a daji, motsin dabba ya tayar da ita) ta hukumar kula da filayen birnin ta ɗauki hotuna 580 a ƙarshen 2022, kusan 400 daga ciki na beyar ɗaya ce tana shinshina tana jujjuya fuska. An yi ta cewa hoton kanta take ɗauka. Abin da ya faru shi ne duk motsin da ta yi yana sake tayar da na'urar.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake fassara fuskar dabba. Kallon kitse ake yi wa rogo. A yawancin birai, yage leɓe a nuna haƙora alamar tsoro ce ko miƙa wuya, ba dariya ba. Akwai jinsin da wannan alama ke nufin zaman lafiya, kamar baƙaƙen biran tsibirin Sulawesi na Indonesiya, don haka sai an san jinsin kafin a yi hukunci. Bika kuwa, in ya yi hamma a gabanka ya fito da fiƙoƙi, yana ɗaga gira har farin fatar idonsa ya bayyana, gargaɗi yake maka. Wanda ya juya masa baya don ya ɗauki kansa da waya bai ma ga gargaɗin ba.

Mafi muni shi ne na wata 'yar dabbar dare ta kudu maso gabashin Asiya, loris. Tun 2009 bidiyonta ke yawo, ana yi mata cakulkuli tana ɗaga hannuwa sama, mutane na cewa daɗi take ji. Kare kanta take yi: akwai dafi a wajen gwiwar hannunta, shi take ƙoƙarin kaiwa baki. Masu sayar da ita cire mata haƙora suke yi, da yawa kuma su mutu da ciwon. Bidiyon ya ƙara wa mutane kwaɗayin mallakarta.

Issoufou Damagaram: Dakta, Allah ya ƙara sani, amma ina ganin kin karkata ɓangare ɗaya. Hukumar yawon buɗe ido ta Banff ta ɗauki kuregen nan ta mai da shi tambarin talla, kuma ba a taɓa lafiyarsa ba. Ga na gandun dajin Virunga a Kwango: a Afrilun 2019 wani ma'aikacin gandun ya ɗauki hoton kansa, gwaggon birai biyu, Ndakasi da Ndeze, suna tsaye a bayansa da ƙafa biyu. Mutane nawa ne suka san akwai Virunga kafin hoton? Gandun da aka kashe ma'aikatansa sama da 200 a bakin aiki. Hoto ɗaya ya kai labarinsu inda rahoto bai kai ba. Haka ɗan jaridar gidan talabijin na KBC a Kenya, Alvin Kaunda, a Nuwamban 2022, yana rahoto a gidan rainon marayun giwaye na Sheldrick a Nairobi, 'yar giwa ta ɗora masa hannunta a kai har ta kai hancinsa, ya fashe da dariya. Maganar da yake yi a lokacin ta fari ce, wato ƙarancin ruwan sama, da yadda yake kashe namun daji, kuma mutane da yawa ta dalilin dariyar suka ji ta.

Dakta Hauwa: Malam Issoufou, ban musa amfanin ba. Amma duba misalanka biyu na Afirka da kyau: dukansu marayu ne da mutum ya raina. Ndakasi tana wata biyu aka tsince ta a 2007 manne da gawar uwarta da 'yan bindiga suka harbe. A cibiyar Senkwekwe ta girma, a hannun masu kula da ita, shi ya sa take kwaikwayon tsayuwarsu, kuma a hannun mai rainonta Andre Bauma ta mutu a 2021. Wanda ya ga hoton a waya bai ga wannan bayani ba. Abin da ya gani shi ne ana iya tsayawa daf da gwaggon biri. Alhali masu ziyarar na daji ƙa'ida ta hana su matsawa ƙasa da mita 7, saboda murar ɗan Adam tana iya kashe su.

Ga abin da ke faruwa in jama'a suka ce sai sun yi nasu. A 2022 wata dabbar teku, walrus mai nauyin kilo 600 da aka sa wa suna Freya, ta riƙa hawa ƙananan jiragen ruwa a Oslo, babban birnin Norway, tana shan hantsi. Ta zama abar barkwanci a intanet. Hukuma ta yi ta roƙon a nisance ta, mutane suka ƙi, har da yara ake kaiwa gabanta. Ranar 14 ga Agusta aka harbe ta, aka ce don kare rayukan jama'a. Instagram ma tun Disambar 2017 yake fitar da gargaɗi ga mai neman hotunan da ake rungumar namun daji.

Issoufou Damagaram: Na karɓi wannan. To bambancin kenan tsakanin dabbar da ta zo da ƙafarta da wadda aka je aka tarar.

Dakta Hauwa: Har da wadda aka jawo da abinci, ita ce ta fi yawa. Dabbar da ta saba karɓa a hannu tana daina tsoron mutum, daga roƙo ta koma ƙwace, daga ƙwace sai cizo, ƙarshenta a kashe ta. Wanda biri ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar don rigakafin ciwon haukan kare. Kada a jira a ga ko zai kumbura.

Barista Lawal: Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba: in hoton ya yi kasuwa, na wa ne? Shari'ar da ake kafa hujja da ita ita ce ta birin Sulawesi. A 2011 wani mai ɗaukar hoto ɗan Ingila, David Slater, ya je Indonesiya, biran suka riƙa danna kyamararsa, aka sami hoton nan na biri yana yage baki. Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ta ɗora hoton ta ce ba na kowa ba ne, tunda ba mutum ya danna ba. A 2014 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya fayyace cewa ba ya rajistar abin da dabba ta samar. A 2015 ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA ta kai ƙara da sunan birin, wanda ta kira Naruto. Aka sasanta a 2017, Slater ya yarda ya ba da kashi 25 cikin ɗari na abin da hoton zai kawo ga masu kare biran. Duk da haka a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa dabba ba ta da hurumin kai ƙarar haƙƙin mallaka.

Amma kada a ruɗe. Wancan dabba ce ta danna. In kai ka danna, ko kai ka kafa kyamara ka zaɓi wuri da kusurwa, dabba ta faɗo ciki, aikinka ne. Shawarata ga wanda ya dace da irin wannan: ya ajiye ainihin fayil ɗin da ke cikin waya ko katin mimori, don wanda ya bi ta WhatsApp an matse shi kuma bayanan ranar ɗauka sun goge. Kamfanoni irin su ViralHog da Jukin Media da Storyful suna tuntuɓar masu bidiyon da ya bazu. A karanta yarjejeniyar a ga abu uku: izini ne na wani lokaci ko sayarwa ce ta dindindin, su kaɗai za su yi amfani da shi ko kai ma kana da dama, kuma kashi nawa ne naka. Masu shafi da ke turo saƙo suna cewa "za mu ambaci sunanka" ba biya suke nufi ba.

Nafisa: Barista na gode. Yanzu kuma ga na ƙarya sun cika gari. Ta yaya za a gane?

Injiniya Salisu: Ƙaryar ta girmi ƙirƙirarriyar basira. A Disambar 2012 bidiyon gaggafa tana sure yaro a wani lambu a Montreal ya girgiza mutane, ashe ɗaliban makarantar zanen kwamfuta ne suka haɗa shi a matsayin aikin aji. Na 2025 kuwa, zomaye suna tsalle a kan ragar wasan yara da dare, an yi shi da kamannin kyamarar ƙofar gida da gangan, don hazo da duhu suna ɓoye kuskure.

Ga yadda ake duba shi. A sauke bidiyon a bi shi firam bayan firam, a ƙirga dabbobin a farko da ƙarshe. A na zomayen akwai wanda ya ɓace a tsakiyar tsalle. A dubi inda ƙafa ke taɓa ƙasa, ciyawa ta kwanta ko ba ta kwanta ba, inuwa na bin jiki ko tana makara. Kyamarar tarko ta gaske tana buga layi a ƙasan hoto mai kwanan wata da lokaci da zafin wurin, a duba ko daƙiƙu na tafiya daidai kuma haruffan ba sa narkewa. Yawancin na ƙarya gajeru ne, daƙiƙa 8 zuwa 10, ba abin da ya gabata ba abin da ya biyo baya, alhali mai na gaske yana da dogon fayil. Sai a ɗauki firam ɗaya a saka a Google Lens, manhajar bincike da hoto, a nemo wanda ya fara ɗorawa. In shafin kullum abin al'ajabi yake samu, yau zomo gobe damisa, to haɗawa yake yi.

Baba Garba Bauchi: Sannunku da ƙoƙari, yara. Bari in kawo maganar gida. Wanda ke son irin wannan hoto ba sai ya je Kanada ba. A sansanin Wikki da ke Yankari, bika da gadu suna yawo a tsakanin ɗakunan baƙi. Su bikan sun san leda sun san jaka, sun san buɗe ƙofar da ba a kulle ba. Wanda ya jingina waya a kan dutse ya ja baya don ya ɗauki iyalinsa, wayar yake sakawa a haɗari. A riƙe ta a hannu, a rufe gilashin mota, kada a fito da abinci, kada a zuba wa babban namiji ido.

Mai son kafa kyamarar tarko kuma, da farko sai da izinin hukumar gandu. Bayan haka ga abin da ke ɓata aiki a ƙasarmu. Na'urar tana tashi ne in abu mai zafin da ya bambanta da na wurin ya gifta. A watan Maris da Afrilu, da rana tsaka, zafin ƙasa yana kamo na jikin dabba, sai ta wuce kyamara ba ta ji ba. A nemi inuwa, kusa da mashaya. A fuskantar da ita arewa ko kudu, don in ta kalli gabas ko yamma rana za ta riƙa tayar da ita tana wanke hoton. A share ciyawa mita 2 zuwa 3 a gabanta, in ba haka ba iskar hunturu za ta cika katin da hotunan ciyawa dubu, kuma sharar tana kare ta daga wutar daji. Tsayi kamar santimita 40 zuwa 50 daga ƙasa ya isa ga gada da gadu da dila. A karkata ta ga hanyar dabbobi, kada a yanke hanyar a miƙe, don dabbar ta daɗe a cikin hoto.

Malam Habu Mai Hoto: Baba, a ƙara da maganar fitila. Ta dare iri biyu ce: mai lamba 850 tana ɗan yin ja, hotonta ya fi haske amma dabba na ganinta, har ɓarawo ma. Mai lamba 940 ba a ganinta, sai dai ba ta kai nisa. Kuma yawancin kyamarorin tarko ba sa fokas a ƙasa da mita ɗaya da wani abu, don haka dabbar da ta zo shinshina fari fat za ta fito da dare, fitila ta ƙone fuskar.

Baba Garba Bauchi: Haka ne, Malam Habu. Sai akwatin ƙarfe da sarƙa, don kura tauna kyamara take yi, giwa kuma ta fizge ta da hannu. A wanke hannu kafin a taɓa ta, a toshe ƙananan ramuka saboda tururuwa. Abu na ƙarshe, kuma ina roƙon a riƙe shi: kafin a ɗora hoton giwa ko zaki a intanet, a kashe alamar wuri a waya, kada a rubuta sunan mashayar ko ranar. Giwayen Yankari suna cikin garken ƙarshe da suka rage a Najeriya, kuma masu farautar haure su ma suna da waya.

Nafisa: Allah ya saka, Baba. Tambaya ta ƙarshe ga Malam Habu: in na sami nawa na halak, yaya zan mai da shi sitika?

Malam Habu Mai Hoto: Zaɓi firam ɗin da idanun dabbar biyu ke kallon gaba kuma bayanta ya yi hazo, shi ya fi sauƙin yankewa. A iPhone mai iOS 16 zuwa sama, danna ki riƙe a kan dabbar za ta ɗago da kanta, a wasu wayoyin Samsung ma haka. Sitikar WhatsApp fiksel 512 ce tsawo da faɗi, marar motsi kada ta wuce kilobayit 100, mai motsi 500. Ki bar ɗan farin layi a gefen jiki don ta fito a baƙin allo da fari. Rubutu kalma biyu ko uku, da manyan haruffa, a ƙasa, kada ya hau fuskar.